Inda Ɗaliban Jami'a Suke Zubewa Kafin Ranar Yaye

Ranar da ake rantsar da sababbin ɗalibai a jami'a, zauren taro ba ya ɗaukar jama'a. Bayan shekara huɗu ko biyar, idan aka ɗauko jerin lambobin rajistar wannan ajin aka bi su ɗaya bayan ɗaya, za a tarar da giɓi nan da can. Wasu sun koma ajin baya, wasu sun sauya sashe, wasu an rubuta a gaban lambarsu cewa an sallame su. Akwai kuma waɗanda babu wani bayani a kansu, masu lambar sun daina zuwa ne kawai. A bikin yaye ɗalibai, shugaban jami'a yakan faɗi yawan waɗanda suka fita da digiri mai daraja ta ɗaya, a yi tafi. Masu giɓin nan ba sa shiga jawabi.

A gida, hukuncin da ake yanke musu gajere ne: "wasa ya sa a gaba", ko "ba ta da ƙwaƙwalwar boko", ko kuma "rashin kuɗi ne". Kowanne yana da ɗan ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ya san yadda ake haɗa sakamako a sashe ya san cewa barin jami'a ba abu ne na rana ɗaya ba. Galibi a zangon farko na aji ɗaya ake shuka shi, lissafin maki ya yi ta renonsa, sannan rashin kuɗi ko yajin aiki ko haihuwa su zo su ƙarasa wanda ya riga ya raunana.

Yawancin jami'o'in Najeriya suna auna ɗalibi da ma'aunin maki biyar. Wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya sami A, maki 5 ke nan. Daga 60 zuwa 69 B ne, maki 4. Daga 50 zuwa 59 C, maki 3. Daga 45 zuwa 49 D, maki 2. Daga 40 zuwa 44 E, maki 1. Ƙasa da 40 kuwa F, babu ko ɗaya. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake kira yunit, galibi 2 ko 3. Sai a ninka makin da yunit ɗin, a tara na duk kwasa-kwasan, a raba da jimillar yunit ɗin da ɗalibi ya yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na wannan zangon. Idan aka haɗa duk zangunan tun daga ranar shiga, an sami CGPA, wanda da shi ake raba darajar digiri: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Tarkon yana cikin wannan "tun daga ranar shiga". A ɗauki yaron da ya yi rajistar yunit 36 a aji ɗaya, ya tashi da jimillar maki 43 bayan an ninka da yunit. CGPA ɗinsa 1.19 ke nan. Idan yana son ya kai 2.40 a ƙarshen aji biyu da sabon yunit 40, sai ya tara maki 140 a shekarar, wato GPA 3.50: rabin kwasa-kwasan B, rabi C, ba faɗuwa ko ɗaya. Yaron da bara da ƙyar yake tsira da E, shi ake nema bana ya zama haka. Kuma kullum aka ƙara shekara, ƙofar ƙara ƙunci take. Wanda ya shiga ajin ƙarshe da yunit 110 da CGPA 2.00, ko da ya ci A a duk yunit 36 da suka rage masa, iyakar inda zai kai 2.74. Ɗalibai suna gano wannan lissafin da kansu, yawanci a aji uku, kuma daga ranar da suka gano shi jikin wasu yake yin sanyi.

Ga kuma keri-oba, kwas ɗin da aka faɗi aka ɗauko shi zuwa shekara ta gaba. Mutanen gida suna ɗauka sake zama jarrabawa ce kawai, alhali ɓarnarsa ta fi haka. A jami'o'i da yawa F ɗin farko ba ya goguwa, yana nan cikin lissafi ko da an ci kwas ɗin daga baya. Sannan akwai iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango, galibi yunit 24, kuma doka ce a fara sa keri-oba kafin sababbin kwasa-kwasai. Mai keri-oba uku masu yunit uku-uku ya cinye gurbin yunit 9, dole ya ajiye wasu kwasa-kwasan ajinsa, su ma su zama bashi. Kwas ɗin zangon farko ba a koyar da shi sai zangon farko, don haka jiran shekara guda ne. Idan kwas ɗin sharaɗi ne na wani da ke gaba, kamar lissafin aji ɗaya ga mai karatun injiniya, ya toshe hanyar na gaban. Jadawalin lakca kuma ba a tsara shi don mai keri-oba ba: ƙarfe takwas na safiyar Talata ana lakcar ajinsa a wannan gini, ana ta keri-obansa a wancan. Ɗaya zai zaɓa, ɗayan kuma ya rasa gwajin cikin zango, wanda yake ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100. Ga dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lakcoci kafin a shiga jarrabawa, inda malami ya tsaya a kanta.

Idan CGPA ya faɗi ƙasa da iyakar da jami'a ta sa, 1.00 a wasu, 1.50 a wasu, sai a sa ɗalibi a matakin gargaɗi da ake kira furobeshin. Idan bai farfaɗo ba a wa'adin da aka ba shi, a sallame shi daga sashen ko daga jami'ar baki ɗaya. Wanda ya tsallake wannan yana da wani agogon a kansa: ƙa'idar hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ce kada ɗalibi ya wuce tsawon karatunsa da ƙarin rabi, wato kwas na shekara huɗu iyakarsa shida. Mai sifil-oba, wato wanda 'yan ajinsa suka kammala suka bar shi, da ya cinye shekarun nan da kwas ɗaya tal a wuyansa zai iya fita hannu rabbana. A ɓangaren likitanci tsarin daban ne, ya ma fi tsanani: makin cin jarrabawa 50 ne, wanda ya faɗi ya sake zama, ya kuma faɗi ya maimaita aji, daga nan a nemi ya koma wani sashe.

To me yake kayar da yaro a aji ɗaya, bayan ya ci JAMB ya kuma kawo kiredit biyar?

Na farko, da yawa ba sa fara zangon tare da kowa. Sunayen da suka fito a jerin ƙarshe na ɗaukar ɗalibai sukan iso an yi makonni ana lakca. Kafin yaro ya gama tantancewa, ya biya kuɗi ta Remita, ya yi ta fama da fotal ɗin rajista, ya nemi wurin kwana, an riga an yi gwajin farko. Na biyu shi ne harshe, kuma a nan Arewa bai kamata mu riƙa kauce wa maganar ba. Yaron da ya taso a makarantar gwamnati inda malami yake rubuta Turanci a allo ya yi bayani da Hausa, yau ga shi a kujerar baya ta babban ɗakin lakca mai ɗaukar ɗaruruwan mutane, lasifika tana ƙara tana yankewa, malamin yana zuba Turanci ba tsayawa. Ba daƙiƙi ba ne. Yana fassara jimlar farko a ransa, malamin ya kai ta huɗu. Ya koma ɗaki ya haddace handawut, ranar jarrabawa aka juya tambayar, haddar ta ƙi zama. Idan kuma kiredit ɗin nasa daga irin cibiyoyin nan ne da ake rubuta wa yara amsa a allo, jami'a ce wuri na farko da za a auna shi da gaske, kuma iyayen da suka biya kuɗin wancan taimakon su ne suka haƙa ramin.

Na uku, kwas ɗin da ba shi ya nema ba. Guraben likitanci, lauya, harhaɗa magunguna da jinya ƙayyadaddu ne, hukumomin sana'o'in ne suke sa wa kowace jami'a adadinta. Dubbai suna nema, sai a tura saura zuwa ilimin tsirrai, ko kimiyyar dabbobi, ko wani reshe na koyarwa. Yaro ya karɓa da shawarar gida cewa "ka shiga tukuna, daga baya ka canza". Abin da ba a gaya masa ba shi ne canjin sashe yana buƙatar CGPA mai ƙarfi da gurbi a can, shi kuwa yana karatun da zuciyarsa ba ta ciki, rabin hankalinsa yana kan sake rubuta JAMB. Wasu sukan dace su koma aji ɗaya a wata jami'ar. Waɗannan a takarda sun fice, amma ba su bar karatu ba. Wasu kuma biyu-babu suke yi.

A bisa tsari, jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, abin da ake biya kuɗin rajista ne da na hidimomi. Amma a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, jami'o'i da dama sun ninka waɗannan kuɗaɗen. A Jami'ar Bayero ta Kano, rajistar da ba ta kai naira dubu 50 ba ta koma wajen dubu 100, wasu kwasa-kwasan lafiya suka haura dubu 200, har gwamnatin jihar Kano ta ware kimanin naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 'yan jihar su 7,000. Irin wannan kuɗin na dunƙule kowa yana ganinsa, shi ya sa ake samun ɗan majalisa ko attajiri ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai su kai ɗauki.

Wanda ba a gani shi ne na kullum, kuma a ganinmu shi ya fi cin mutane. Gadajen hostel ba sa isa, sai haya a Samaru ko Ɗanbare ko Rimin Gata, ko raɓawa a ɗakin aboki. Wanda yake zuwa daga cikin gari yana biyan mota sau biyu ko sau huɗu a rana, don haka yakan zauna ya zaɓi ranakun da zai shiga makaranta: Litinin da Laraba akwai manyan kwasa-kwasai, Alhamis lakca ɗaya ce, a bar ta. Ranar Alhamis ɗin malami ya yi gwajin ba-zata. Ɗalibai suna da lambobin da suke kwatanta cin abincinsu da su, 0-1-0 na nufin ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Mai gari da ƙuli a ciki tun jiya ba zai zauna awa uku a ɗakin gwaje-gwaje hankalinsa ya tsaya ba. Daga nan sai neman abin yi: zaman POS, ɗinki, tuƙa Adaidaita Sahu da yamma, tsaron shagon yaya a kasuwa. Sana'ar tana biyan kuɗin mota, tana kuma cinye lokacin da aka nemi kuɗin motar dominsa. Haka rashin kuɗi yake rikiɗa ya zama F, a rubuta a takarda cewa an sallami ɗalibi saboda rashin ƙoƙari.

Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ya rage wani abu. Yana biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar gwamnati, yana ba ɗalibi naira dubu 20 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen takardu da lokaci. Sai makaranta ta ɗora bayanan ɗalibi tukuna, sai kuma suna da ranar haihuwa sun dace a JAMB da NIN da BVN. Wanda yake Muhammad a nan, Mohammed a can, ko aka sa sunan garinsu a madadin sunan mahaifi a takarda ɗaya, zai sha zirga-zirga. Idan kuɗin bai iso ba har aka rufe rajista, dole ya nemo rance ya biya, ya zauna jiran a mayar masa.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ɓarnarsa ba a ɓata lokaci kaɗai ta tsaya ba. Na 2020 ya kai wata tara, ya haɗu da kullen korona. Na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas sun isa saurayi ya kama kasuwa a Kantin Kwari ko Farm Centre ya fara jin ɗumin kuɗi a aljihu, sun isa a ɗaura wa budurwa aure ta tare a wani gari. Kuɗin hayar da aka biya ya ƙone ba a kwana a ɗakin ba. Da aka dawo kuma sai a matse zango, a yi karatun wata huɗu a cikin makonni kaɗan, mai rauni ya ƙara faɗuwa. Ga shekaru suna tafiya: wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi. Mai CGPA 3.80 zai dawo ko yajin ya kai shekara. Mai 1.60 da keri-oba biyar, wanda yanzu yake da teburin sayar da waya, shi ne zai zauna ya auna, yana kuma ganin yayansa mai digiri shekara uku ba aiki.

Ga 'yan mata, aure shi kansa ba ya hana karatu, ɗakunan lakca cike suke da matan aure masu ƙoƙari. Abin da yake kayar da su shi ne haihuwar da ta faɗo a makon jarrabawa, da wankan jego da kwana arba'in, da rashin mai riƙe jariri, da alkawarin "za ta ci gaba da karatunta" da aka yi da baki lokacin neman aure ba tare da an zauna an fayyace wa zai biya rajista, wa zai kai ta, ina za a ajiye yaro ba. Tsaro ma ya shigo lissafin iyaye. Bayan sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida a watan Satumban 2023, ba a buƙatar dogon bayani kan dalilin da zai sa uba ya ce 'yarsa ta dawo gida.

A nan ne ake yin asarar da ta fi ciwo, domin ita ce mafi sauƙin kaucewa. Kusan kowace jami'a tana da tsarin jingine karatu. Ɗalibi zai rubuta takarda zuwa ga hukumar jami'a ta hannun shugaban sashe da shugaban tsangaya, ya faɗi dalili, ya haɗa shaida. Idan rashin lafiya ce ko haihuwa, takardar asibiti, kuma yawanci sai asibitin jami'a ya tabbatar da ita. Ya riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ya bibiya har amincewa ta fito a rubuce. Wanda ya yi haka, zangon ba ya shiga lissafinsa. Wanda ya yi rajista ya tafi gida shiru, duk kwas ɗin da bai zauna jarrabawarsa ba F ne, yunit 20 na sifili a zango guda, abin da ba a cika farfaɗowa daga shi ba. Wanda kuma bai yi rajistar ba sam, bayan wa'adin da dokar jami'arsa ta sa, ana ɗauka ya janye da kansa. Duk wannan yana rubuce a littafin dokokin ɗalibai da ake rabawa a makon farko, lokacin da rabin sababbin ba su iso ba, sauran kuma suna layin tantancewa. Kunya ma tana taka rawa: yaro ya gwammace ya ɓace da ya tsaya gaban malami ya ce babansa ba shi da kuɗi.

Akwai kuma masu kaiwa ƙarshe takarda ta tare su. Sakamakon WAEC ko NECO da aka shiga da shi ya ƙi tantantuwa, ko ya zama babu kiredit a darasin da sashen ya wajabta. Ko jami'a ta ɗauki ɗalibi ba ta CAPS ba, tsarin da JAMB take tabbatar da ɗaukar ɗalibai da shi, sunansa ya ƙi fitowa a jerin masu tafiya hidimar ƙasa. Ko sakamakon wani kwas na aji biyu ya ɓace, bai bibiya ba a lokacin, yanzu malamin ya bar aiki. Satar amsa kuwa hukuncinta dakatarwa ne ko kora, kuma sau da yawa mai furobeshin ne yake shiga da 'yar takarda, don ya san wannan jarrabawar ce ta ƙarshe gare shi.

Masu tsayawa fa, me yake riƙe su? Tun 1975 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Vincent Tinto, ya yi bayanin cewa ɗalibi yana zama ne gwargwadon yadda ya saƙu da makaranta ta fuska biyu, karatu da mutane. A can ya yi nazarinsa, inda matsalolin suka bambanta da namu, amma wannan gaɓar ta dace da abin da ake gani a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Ɗalibai biyu masu talauci iri ɗaya da rauni iri ɗaya, ɗaya ya gama ɗaya ya ɓace, idan aka duba sai a ga na farkon yana da mutane. Yana cikin masu haɗa tukunya su huɗu a ɗaki. Yana zuwa darasin ƙarin haske da 'yan ajin gaba suke yi da yamma a ƙarƙashin ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, ko ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, ko ƙungiyar sashe, inda ake warware lissafin da Hausa a bi tsofaffin tambayoyi. Yana da wanda zai buga masa waya ya ce an sa gwaji gobe. Na biyun yana zuwa daga gida, ya zauna a baya, a tashi ya hau mota. Ranar da ya daina zuwa, babu wanda ya lura.

Mutumin da tsari ya ajiye don ya lura shi ne kodinetan aji, malamin da yake sa hannu a takardar rajistar kwasa-kwasai yake kuma haɗa sakamako. Kodineta nagari yakan hana mai rauni cika yunit 24 don gaggawar biyan bashi, ya ce ya ɗauki 16 ko 18 ya ci su da kyau. Yakan ba mai 1.30 shawarar komawa sashen da zai iya tun a ƙarshen aji ɗaya, kafin shekaru su ƙone. Amma malami ɗaya ne a kan ɗaruruwan ɗalibai, ga koyarwa, ga duba kundin masu kammalawa, sai aikin ya koma sa hannu kawai. Sakamakon zangon farko kuma sau da yawa ba ya fitowa sai an yi nisa a na biyu, yaro ya shafe watanni yana maimaita kuskuren da bai san ya yi ba. Sashen da zai fitar da sakamako kafin a rufe rajistar zango na gaba, ya ware sunayen duk 'yan aji ɗaya da suka gaza 2.00, ya kira su ɗaya-ɗaya na minti goma, zai ceci mutane da yawa ba tare da ya nemi ƙarin kasafi ba. Iyaye ma su daina tsayawa a "yaya karatu?", su ce a nuna musu takardar sakamakon zango, su duba lambar CGPA da yawan F.

Tsarin digirin kansa ba shi da ƙofar fita a tsakiya. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha yana karɓar takardar ND bayan shekara biyu, ko bai dawo yin HND ba yana da abin nunawa. Wanda ya yi shekara uku a jami'a ya tsaya, takardar sakandare ce a hannunsa, sai kundin makin da ya ci, wanda ba a neman aiki da shi. Da wannan kundin ne zai iya neman komawa wata jami'ar ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta NOUN, inda ake karatu ana sana'a. Ko a nan, yadda ya fita ne zai yi masa hukunci: wanda ya janye a rubuce da sakamako mai tsabta ana duba buƙatarsa, wanda aka kora saboda satar amsa kuwa ba kasafai wata jami'a take karɓarsa ba.